Kabarinki Ya Ɓace Mini a Gumel

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in shaida miki na je gida makon jiya, kuma ban dawo da daɗin rai ba.

Gumel ta cika ta batse, Inna. Gonar nan ta hanyar Maigatari, inda kike aika ni kai wa Baba fura, yanzu gidajen bulo ne reras. Ranar Alhamis manyan motocin shanu ba sa barin mutum ya tsallaka titi. Fada tana nan inda kika bar ta, babban masallaci ma haka, amma na ratsa kasuwa kaf ba wanda ya ce mini ɗan wane.

Ke kike zaunar da mu kina ba mu tarihin garin, yadda Mangawa suka taso daga Barno suka kafa shi. Kikan ce, "Garin da ka san makwancin mutanenka, shi ne garinka." Ni kuwa a lokacin hankalina na kan tukunyar tuwo.

Ranar da kika rasu ina Legas. Kafin in iso an kai ki. Ƙaninki, Kawu Sale, shi ya kama hannuna har maƙabarta ya nuna mini: gindin aduwa, ta gabas, inda aka kifa fasasshen tulu. Ba mu rubuta suna ba, don ba a saba yi ba a gidanmu. A zatona itace ba ya zuwa ko'ina.

An sare aduwar, Inna. Wuri ya yi wa jama'a kaɗan, an haƙa sababbin kaburbura inda take, damina kuma ta baje tsofaffin. Fasassun tuluna ga su nan birjik, duk iri ɗaya. Kawu Sale ya bi ki bara. Na hau babur har Sule Tankarkar wurin wani dattijo da ya ɗauki makararki, ya ce shi ma da aduwar yake gane wurin.

Na koma na yi ta zagaye cikin rana ina leƙa kowane tudu, ina ɗaga ƙafa a hankali don kada in taka ki ban sani ba. Wannan tsoron ne ya sa ni kuka, ni da furfurata. Da na gaji sai na tsaya a tsakiya na yi wa kowa addu'a. Idan ta sauka wurin maƙwabciyarki, ki karɓi rabonki a hannunta.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki. Shi wurin bai ɓace masa ba, Ya kai miki haske har inda kike. Amin.

Ɗanki na fari,
wanda kunya ba ta taɓa barin ki kira sunansa ba.