Karatun Lahadi a Tungar Garu

Malanville, 8 ga Oktoba

Yaya Sakina,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna, ina maigidanki da yara? Tun da anka rufe gadar iyaka, sai ta hannun masu jirgin ruwa nike samun aiko da takarda.

Aiki garejin Alhaji Faruku lahiya lau, yana riƙe da ni kamar ɗansa. Amma in an kira salla kowa ya tashi, ni kaɗai ka saura da ƙarafa. Ran Lahadi na tahi majami'ar Katolika ta garin. Na zauna can baya. Addu'a da Faransanci, waƙa da harsunan mutanen kudu. Anka tashi, kowa ya kama hannun nasa, ba wanda ya ce mini ƙala. Ba ni komawa. Kada ki gaya ma Inna.

Ƙanenki,
Arziki

Dogon Dutsi, 20 ga Oktoba

Arziki,

Muna lahiya, Inna na gaishe ka.

Shekara tara ke nan da na musulunta, ban sake shiga majami'a ba, amma ban mance gidan da munka tashi ba. Ka ce ba wanda ya gaishe ka. Kai wa ka gaisar? Baba ya yi shekara talatin yana karatu gaban jama'a a majami'a, amma abokansa duk wurin sharar Asabar ya same su. Ka tahi ran Asabar da safe, ka ɗauki tsintsiya. In ba a kula ka ba, ka rubuto ka zage ni.

Yayarka,
Sakina

Malanville, 2 ga Disamba

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Ban zage ki ba.

Na tahi. Ban kai ga tsintsiya ba na iske limamin majami'ar, wanda suke ce ma Mumpe, yana ta fama da tsohuwar moto, wato babur, ta ƙi tashi. Na ce, "Mumpe, ba ni wuri." Da ta tashi ya tambaye ni garinmu. Ina cewa Dogon Dutsi ya riƙe mini hannu: "Kana karanta Hausa?"

Ashe akwai gida shida na masu noman albasa a wata tunga kusa da Garu, Kiristoci ne, Hausa kaɗai suke ji sosai. Mai yi musu karatu ya rasu bara. Mumpe na zuwa, yana wa'azi, suna kallon bakinsa.

Na ɗauke shi bisa moto munka tahi. Ƙarƙashin rumfar kara na buɗe Linjila, na karanta musu. Da na ƙare, wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, maimaita. Shekara guda ban ji Yesu ya yi Hausa ba." Na maimaita. Yanzu kowace Lahadi can nike, Asabar kuma muna gyaran bencina da matasan majami'a. Sun fara koya mini waƙoƙinsu, suna dariyar bakina.

Na samu saƙon Inna cewa Kawu ya samo mini aikin makanike a Dosso, in zo kafin Nowel, bikin Kirsimeti. Na san aikin ya hi wannan, na san Inna ta tsufa, kuma ni kaɗai ne namiji. Kwana ukku ina juya zancen. Yaya, in na taho, wa za ya karanta musu? Ina son in tsaya har in koya ma mutum biyu cikinsu. Ban san wata nawa za a yi ba. Na kasa gaya ma Inna da bakina.

Naki,
Arziki

Dogon Dutsi, 14 ga Disamba

Arziki,

Na karanta ma Inna takardarka duka, ban tsallake komi ba. Kawu ya ce za a jira ka har ƙarshen wata, ba ƙari.

Na ce, "Inna, mi zan rubuta mishi?" Ba ta ce ka zauna ba, ba ta ce ka taho ba. Cewa ta yi, "Gaya mishi in yana karatu ya daina sauri, ya ɗaga murya. Tsofaffi baya suke zama."

Allah shi tsare ka.

Sakina