Kada Ka Shimfiɗa Wa Ɗanlami Tabarma

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa ga ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa. Malamin firamare ke rubutawa, amma maganar tawa ce, kuma na hana shi sassauta ta.

A rediyo na ji an ba ka shugabancin jami'a. A rediyo, kamar farashin gyaɗa! To, madalla.

Ga dalilin wasiƙar. Sarkin ruwa Ɗanlami yana haɗa tawaga, har an ɗinka riguna, wai za su zo taya ɗansu murna. Ɗansu!

Ka manta shekarar da ruwan Tiga ya cinye gonakinmu? Ka zo da kwalabe kana tsintar dodon koɗi, wai shi ke sa yara fitsarin jini. Ka zuba maganinka a lungun da muke su. Kifi ya taso ciki sama, fari fat, mutanen da ba su da sauran abinci sai shi suna kallo. Ni ma ban ga hankali a ciki ba, har gobe.

Amma Ɗanlami ne ya fara sauke maka filafilin jirgi a ƙeya. Ka kife a taɓo, suka rufe ka da sanduna, jini na bin kunnenka. Na ratsa su da gora. Na fasa wa ƙanensa baki, haƙora suka zube. Ɗanlami kuma ya karya mini hannun dama, na ji ƙashin ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Na kwanta a kanka ina ƙwala kiran sunanka, gaban surukai, gaban kowa, abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka raɗa maka shi.

Hannun ya ɗoru a karkace. Da hagu nake cin tuwo, kamar wanda ba a yi wa tarbiyya ba. Uwarka kullum sai ta ce, "Malam, a bar wa Allah." Ban bari ba.

In ka shimfiɗa wa mutumin nan tabarma, in ka ba shi ko ruwa, wallahi zan hau motar Tudun Wada in zo har ofishinka da gorata. Ka sa masu gadi su riƙe ni mu gani.

An nuna mana hotonka a jarida. Ka rame, yaro. Ka riƙa cin abinci. Hanyar gida kuma ruwa bai ci ta ba.

Allah ya tsare ka daga hannun mutane, ya ba ka ikon riƙe amanar 'ya'yansu. Amin.

Ni ne tsohonka, a bakin Tiga.