Wa Ya Rubuta Takardar Rumbun Tsimi?

Kebbe, 3 ga Maris, 1964

Zuwa ga Malam Ɗangiwa, Tambuwal,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni dai ga ni nan, ƙafa ta ƙi, gida kuma shiru tun rasuwar matata Hinde.

Na ji wani malamin jami'a, Armaya'u, ya kwana uku gidanka yana binciken yadda ake ƙulla dokokin gwamnati, wai daga sama suke saukowa ko daga talakawa suke hawa. An ce ka ba shi misali da dokar rumbun tsimi, har ka ce shawararka ce. Ɗangiwa, ji tsoron Allah! Ni na rubuta takardar nan ina magatakardan hakimi, shekarar da yunwa ta sa mutanenmu suka cinye irin shuka. Kai karanta ta kawai ka yi a majalisa, don muryarka ta fi tawa. Yanzu sunanka zai shiga littafi, ni ko sallama ba a yi mini ba.

Wassalamu,
Abdulkarimu

Tambuwal, 12 ga Maris

Abdulkarimu,

Gaisuwa mai yawa. Ashe kishin nan naka na tun muna makarantar Midil bai tsufa ba, kai kaɗai ka tsufa! Wallahi kai na ambata. Yaron ya ce masana ba su karɓar magana sai da shaida. Ya ga takardar a fayil, amma ka san aikinmu: magatakarda ba ya sa suna, sai hatimin hakimi. Don haka ya rubuta cewa daga sama ta sauko. Mi kaka son in yi?

Naka,
Ɗangiwa

Kebbe, 20 ga Maris

Ɗangiwa,

Salamu alaikum. Da kai ne, da ka samo shaida. Ku sha zamanku.

Abdulkarimu

Zariya, 9 ga Afrilu

Baba Malam Abdulkarimu,

Ina gaisuwa da ladabi. Malam Ɗangiwa ya aiko mini da wasiƙunka biyu, ya ce in aza su kusa da takardar fayil. Na aza. Rubutun hannu ɗaya ne. Babi guda ya rushe mini, sai na sake shi da sunanka.

Ina tafe Kebbe ranar kasuwa in ji sauran daga bakinka. Malam Ɗangiwa zai biyo ni. Ya ce in gaya maka shi zai karanta maka babin, don har yanzu muryarsa ta fi taka.

Ɗanka,
Armaya'u