Sunan da Hajiya Tabawa Ta Faɗa

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar 'Yan Wasan Kwaikwayo ta Fitilar Adar, da rassanta na Madawa, Buza da Keita, ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin iyayenta, dattijo mai daraja, malamin 'yan wasa, wanda mutanen Tama ke kira Ɗanasabe, sauran jama'a kuma suka sani da Baba Rowa. Allah ya karɓi abinsa ranar Larabar da ta gabata a likitar Madawa bayan doguwar jinya, aka kuma yi masa sutura a mahaifarsa Tama. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya shafe sama da shekara talatin yana wasa a dandalin ƙauyuka da gidajen rediyo, daga Babankatami har Azarori, yana fitowa a matsayin tsohon marowacin da ke kulle rumbu ya kwana a bakinsa. Da wannan tsoho ya koya wa manoma illar sayar da gero tun yana gona, da shi ya zaunar da makiyaya da masu gonaki a tabarma ɗaya suna dariya. A gida kuwa rowar ba ta bi shi ba. Mu da muka ci tuwon gidansa, muka koyi tsayuwa gaban taro a hannunsa, mun shaida cewa ƙofarsa ba ta san kuba ba. Rashinsa ya yi mana ciwo ƙwarai.

Muna neman afuwar jama'a bisa jinkirin wannan sanarwa. Tun kafin a fito daga maƙabarta masu wayoyi suka riga mu, kowa da nasa labarin: wani ya ce a Kano aka haife shi, wani ya ƙara masa shekara goma, wasu kuma suka yaɗa cewa Sani Muhammadu ne ya rasu. Ƙungiya ba ta yarda ta sa hannu a kan jita-jita ba, domin gani ya kori ji. Mun je Tama da ƙafarmu. Gaskiya ne takardunsa na ɗauke da sunan Sani Muhammadu, amma sunan ɗan baffansa ne, wanda aka rubuta a lakwal, wato makarantar boko, suna yara, aka tura marigayin a madadinsa. Malam Sani yana nan da ransa, shi ya tarbe mu, kuma muna roƙon a daina yi wa iyalinsa gaisuwar mutuwarsa. Ɗanasabe kuwa laƙabi ne na ranar haihuwa. Shekarar haihuwar ba mu same ta da tabbaci ba, don haka ba za mu rubuta ta ba.

Saura sunan yanka. Mahaifinsa ya rasu, limamin da ya raɗa sunan ya rasu, tsofaffin gari kuma sun rabu biyu tsakanin suna biyu masu kama da juna. Shi kansa marigayin, duk ɗan jaridar da ya tambaye shi sai ya mai da abin wasa. Mutum ɗaya ta rage wadda ba za ta yi kuskure ba, wato mahaifiyarsa, Hajiya Tabawa, Allah ya ƙara mata lafiya. Sai dai marigayin ɗanta ne na fari, kuma kowa ya san kunyar ɗan fari a ƙasarmu: ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zuwa kallon wasansa ba, ko a zaman makoki ba a ga hawayenta ba. Mun ji nauyin tambayarta, muka yi gaisuwa muka miƙe.

Ita ce ta sa jikarta Raihanatu ta komo da mu. Ta shaida mana cewa kwana da kwanaki tana jin ana nema wa Baba Rowa gafara, wanda ba ta haifa ba, ana nema wa Sani rahama, wanda bai mutu ba, nata ɗan kuwa ba wanda ya ambata. Mun tunatar da ita cewa Allah ya san bawansa ko ba a kira suna ba. Ta ce ta sani, amma tana son mutane su ma su sani. Sannan ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta faɗi sunan sau ɗaya, kuma sai a lokacin kuka ya zo mata.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga Hajiya Tabawa, da uwargidansa Malama Saudatu, da 'ya'yansa da jikokinsa, da Malam Sani Muhammadu, da ɗaukacin al'ummar Tama, tare da roƙon Allah ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Muna roƙon gidajen rediyo da masu rubutu su gyara abin da suka yaɗa, kuma duk wanda ya taɓa yin dariya saboda wannan bawan Allah ya saka masa da addu'a, da sunan da mahaifiyarsa ta ba mu.

Allah ya jiƙan Abdulmajid, ɗan Tabawa.

Malam Imrana Faruƙ Keita
Kakakin Ƙungiyar 'Yan Wasan Kwaikwayo ta Fitilar Adar, Madawa