Mazubin Harsashin Baba

Yaya Kamilu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Inna? Ya Huseina da yara, ya mutanen Bilbis?

Ni lafiya lau nake a nan Shaki, ƙasar Yarbawa. Maharba sun ba ni rumfa, ina narka darma ina zuba musu ƙananan harsasai na harbin birai masu ɓarnar gona. Hannuna ne kawai yake ɗan rawa, sai ciwon ciki in na daɗe a kan hayaƙin. Wani likita ya ce, "Malam, darmar nan ce ke cin ka, ka bari." Na ce in bari in ci me? Kada Inna ta ji wannan.

Yaya, direban da ya kawo wake ya ce 'yan bindiga sun sake zuwa maƙerarmu suna tambayar mai zubin harsashi. Na gudo ne don kada in zuba musu, amma na bar mazubin harsashin Baba a cikin rumbu. Na san shi kaɗai ya rage mana na hannunsa, amma don Allah ka sa guduma ka farfasa shi. In sun dawo, ka nuna musu gutsattsarin, ka ce Mas'udu ya haukace ya bar gari. Ka zage ni a gabansu yadda za su yarda. Na yafe tun yanzu.

Allah Ya tsare ku, Ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Mas'udu