Motar Ruwan Da Ka Bari A Kwali

Zuwa ga Yaya Auwalu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta riske ka duk inda aikin soja ya kai ka, ƙanwarka ce Hajara daga Toranke. Shekara biyu ke nan wayarka a kashe, shi ya sa na rubuta a nan cikin jarida inda kowa zai gani, ko wani zai kai maka.

Laifi na yi maka. Ka tuna 'yar motar yaƙin nan ta roba da ka sayo a Kano, wadda ake haɗawa gutsure-gutsure? Ka ce ta gasken tana gudu a tudu, ta faɗa kogi ta zama jirgi. Ka liƙa rabi, aka kira ku. Kana ɗaure jaka ka ce, "Kada kowa ya taɓa min har na dawo."

Inna ta riƙe maganar nan gam. Duk Juma'a sai ta goge kwalin, ba ta buɗewa. A wajenta muddin motar ba ta haɗu ba, kana hanya.

Ni kuwa zama ya gagare ni. In na ji mota daga Ajingi sai na leƙa, in na kama ɓarar gyaɗa sai na tashi. Ranar kasuwa Inna ta fita, na sauke kwalin. Gam ɗinka ya bushe ƙamas, sai na jiƙa ƙaron da Baba yake haɗa tawada da shi. Tayoyi shida da 'yar farfelar baya duk na liƙa, har ina yaba kaina.

Da ta bushe, wai sai na gwada ta a baho. Ka ji wauta! Ƙaro ya ji ruwa, ta wargaje ina kallo. Na tsince komai ban da farfelar, ina jin ta bi ruwan da na zubar.

Na mayar da sauran cikin kwali. Jiya Inna ta goge shi tana yi maka addu'a, na kasa haɗa ido da ita. Tsoro nake ji, Yaya, kuma ina kewarka. Ba yafiya nake nema daga nesa ba. Ka dawo ka buɗe kwalin nan da hannunka, ka yi min faɗa son ranka.

Allah Ya tsare ka a tudu da ruwa, Ya nuna wa Inna fuskarka tana da rai.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Hajara