Ɗakin da Auta Ya Fara

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau na sa an sare ciyawar da ta cinye ginin ɗana Auta. Bangon yana nan yadda ya bar shi, bai wuce gwiwata ba. Tulin duwatsun ma yana nan, waɗanda yake kwasowa daga gindin tsauni duk hutu, har motarsa ta riƙa nishi. Ɗakin baƙi ya so ginawa a bayan gidan nan, ciki da falo, don in ya zo da matarsa da 'yarsa su daina takura ni. Haka yake faɗa. Alhali ni nake hana su barci da rediyona.

Bara waccan ya yi hatsarin da ya zama ajalinsa. Tun ranar ban zagaya bayan gida ba sai yau.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Magini ya zo. Dattijo ne, magana tsada take yi masa. Ya ɗaga wannan dutse, ya juya wancan, ya ce, "Malama, wanda ya zaɓo waɗannan yana da ido." Na ce bari in duba tukunya. Ba abin da na ɗora.

Da na fito ya nemi zanen ginin. Babu. Komai a kan yaron yake, ya tafi da abinsa. Magini ya ce to ni ce mai zane ke nan. Ni da ko akurkin kaji ban taɓa ginawa ba.

Babbar 'yata ta kira. "Mama, wai wa zai kwana a ciki?" Na ce jikata Takwara da uwarta mana. Ta ce, "To." Ba na son irin "to" ɗin nan nata.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Mun yi musu kan taga. Na ce ina son ƙarama guda, ƙasa-ƙasa, daidai fuskar Takwara in ta tsaya. Magini ya ce yarinya girma take yi. Na ce na sani, ni ma na haihu. Ya ja igiya, ya sa alama inda na nuna.

Aikin dutse ba ya son gaggawa. Sai ya ɗauki guda, ya gwada, ya ajiye, ya ɗauko wani, ya rage masa gefe da guduma, sannan siminti kaɗan a ciki inda ido ba ya gani. Nakan zauna a kujera in yi ta kallo. Wani lokaci in nuna wani in ce wancan fa? Sau da yawa nawa ba ya zama. Yau ya zauna daram. Na ji daɗi, sai kuma na ji kunyar jin daɗin.

Alhamis, 6 ga Maris

Na yi waya da surukata. Na ce mata gini ya kusa linta. Ta ce, "Allah ya saka, Mama." Muryarta kamar mai riƙe da kwano cike da ruwa. Takwara ta karɓi wayar, ta ce haƙorinta ya fita, kuma ɗakin nata ne ita kaɗai, ni sai na yi sallama.

Lahadi, 30 ga Maris

Surukata ta zo ita kaɗai. Ta zauna a ƙasa, ta ƙi hawa kujera. Tun daga nan na gane.

"Mama, ban so ki ji a bakin wani ba."

Wani ne a wurin aikinsu. Matarsa ta rasu, ba shi da ɗa. Wai yana da kirki. Na ce Allah ya sanya alheri. Bakina ne ya faɗa. Na zuba mata abinci, na raka ta bakin titi, har na ce ta gaishe shi. Ta rungume ni tana kuka, ni kuwa idona ƙamas.

Yarinya ce, shekarunta nawa? Me zan ce? Ta zauna tana gadin hoton ɗana har ta tsufa?

Na aika wa magini kada ya zo gobe.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Ban fita ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Abin da ke cin raina, babu wanda ya yi mini laifi. Da akwai, da na sami wanda zan yi fushi da shi, in huta.

Takwara tana da shekara uku ya tafi. Fuskarsa ma ba ta riƙe ba, sai abin da aka nuna mata. Yanzu wani zai kai ta makaranta, wani zai ɗaure mata takalmi. Ni kuma in zama tsohuwar da ake kai wa gaisuwa shekara-shekara, a tsaitsaye, mota na jira.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na ji motsi a baya. Magini ne, yana lulluɓe kan bangon da leda, ba wanda ya kira shi. Ya ce ruwa ya kusa, in ya shiga ta sama zai ɓata aikin har ƙasa, har layin da yaron ya jera da hannunsa. Bai ƙara ba. Ya ɗauki kekensa.

Na ce ya turo kafinta a yi rufi. Rufi kawai.

Asabar, 24 ga Mayu

Sun zo su uku. An ɗaura auren tun makon jiya, ban je ba, na ce ƙafa.

Mijin dogo ne ƙwarai. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon tabarma. Takwara ba ta bari an gama ba, ta kama hannunsa tana ja.

"Abba, zo ka ga ɗakin Babana!"

Na kama bango. Ban san wace kalma ce ta fi sukata ba.

Ƙofar daidai mu aka yi ta, mu duk gidanmu gajeru ne. Ya bi ta da sauri, sai ji muka yi ƙum! Goshi da linta. Takwara ta faɗi ƙasa don dariya. Allah ya yafe mini, ni ma sai da ta kuɓuce mini. Ya tsaya a ciki yana murza goshi, ya daɗe yana shafa layin ƙasa na bangon. Na ji ya ce mata, "Babanki ya iya zaɓen dutse. In kin zo hutu ki riƙa share masa ɗakin."

In kin zo hutu. Shi ya faɗa, ba ni na roƙa ba.

Da suka tafi na shiga ciki na rufe ƙofa. Kukan da ban yi ba tun watan Maris, yau na yi shi.

Talata, 27 ga Mayu

Magini ya ce linta ba ta ɗaguwa, sai an rushe rabin gaban. Amma tunda ba a yi daɓe ba, ana iya sauke dokin ƙofar, a rage ƙasan ciki kamar taki ɗaya.

Na ce a sauke. Gwiwata ce ba ta son tsallaka tudu.

Ya dube ni, ya dubi gwiwar, ya ce, "Haka ne, Malama." Ya tafi ɗauko diga.